Muhawara: Shin dole ne mai zane ya fita fili, ko hoton waya ya wadatar?

Malamin Zane, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a. Shekara shida ke nan da na ɗora wa kaina fita bayan gari kowace Asabar bayan sallar asuba, in ɗauki allo da fenti da ɗan littafin zane, in nufi gindin duwatsun Kufena, in zauna in zana abin da ke gabana kafin rana ta take. Wani ɗalibina da ya raka ni ya ga yadda iska ke kaɗa takarda, ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti, sai ya tambaye ni cikin ladabi me ya hana in ɗauki hoton dutsen da waya, in koma ɗaki in zana shi a natse. Tambayar tana da ma'ana, shi ya sa ban yi saurin ba shi amsa ba.

Abin da na gaya masa daga baya shi ne, dutsen ɗaya ne amma launinsa ba ɗaya ba ne. Da fitowar rana gefensa na gabas yakan yi ja kamar garwashi, da hantsi ya koma ruwan toka mai haske, inuwar da ke cikin tsagoginsa kuwa takan tashi daga shunayya ta koma shuɗi-shuɗi cikin ƙasa da sa'a guda. Wanda ya zauna a wurin yana kallon wannan sauyi da idonsa ya san abin da wanda ya tsaya daƙiƙa biyu ya danna waya bai sani ba.

Wanda na fi koyi da shi a wannan fanni shi ne Claude Monet na Faransa, wanda ya rayu daga 1840 zuwa 1926. Yana saurayi a garin Le Havre yana sayar da zanen barkwancin fuskokin mutane, sai wani mai zane da ya girme shi, Eugène Boudin, ya ja shi zuwa bakin teku ya nuna masa yadda ake aiki a sarari. Daga nan bai daina ba. A tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin alkamar da manoma suka jibge a wata gona kusa da gidansa a ƙauyen Giverny har sau 25, wani da safe, wani da faɗuwar rana, wani a cikin ƙanƙara. Yakan fita da ƙyallayen zane da yawa, idan haske ya juya ya ajiye wanda yake kai ya ɗauki wani. A 1885, yana aiki a gindin wani dutse a gaɓar Étretat, igiyar ruwa ta buge shi ta tafi da kayan aikinsa, amma hakan bai sa ya koma ɗaki ya zauna ba. Akwai ma wani zanensa na 1870 na bakin tekun Trouville, wanda ke babban gidan adana zane na Landan, da har yau ana ganin ƙwayoyin yashi maƙale a cikin fentinsa. Ni a ganina mai zanen ƙasa da sama da bai taɓa zama a fili ba, idonsa bai gama koyon aiki ba. Ina sauraron ku.

Mai Ɗaukar Hoto, Kaduna:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara basira. Na yarda da yawancin abin da ka faɗa, amma labarin Monet da ka kawo rabi ne, kuma ɗaya rabin yana goyon bayan ɗalibinka. Zane-zanensa na babbar majami'ar birnin Rouen, waɗanda suka haura 30, bai tsaya a titi ya yi su ba. Ɗakuna ya samu a benayen da ke fuskantar ginin, yana leƙowa ta taga a 1892 da 1893, sannan ya kwashe su zuwa ɗakin aikinsa a Giverny ya ci gaba da gyara su har 1894. Haka ya yi da zanen kogin Thames da gadojin Landan, waɗanda ya fara a 1899 daga barandar otal ɗin Savoy, ya ƙarasa su a gida cikin shekaru, nesa da hazon da yake zanawa, kafin ya baje kolinsu a Paris a 1904. Da aka fara raɗe-raɗin cewa ya yi amfani da hoto wajen ƙarasa wasu, amsar da ya bayar a wasiƙa ita ce wannan ba ruwan kowa, sakamakon aiki shi ne abin dubawa. Shi kuwa Edgar Degas, wanda suka baje koli tare a 1874, ba ya son zane a fili ko kaɗan, kuma babu mai cewa idonsa bai koyi aiki ba.

Sannan mu tuna cewa fita filin ma kanta kayan zamani ne suka sauƙaƙa ta. Kafin 1841 masu zane a Turai a cikin mafitsarar alade suke ƙulle fentin mai, su huda ta idan za su yi aiki, ragowar kuma ta bushe ko ta tsiyaye a hanya. A wannan shekarar ce wani Ba'amurke mai zanen fuskoki da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar bututun kuza da ake matsawa, irin wanda muke gani yau da man goge baki. Jirgin ƙasa kuma ya sa mutum ya iya barin Paris da safe ya yini a ƙauye. Idan su sun karɓi kayan zamaninsu hannu bibbiyu, don me za mu ƙyamaci na namu zamanin?

Malamin Zane, Zariya:

Na gode ɗan'uwa, kuma gyaran da ka yi mini daidai ne. Ban ce a jefar da waya ba, ni ma nakan ɗauki hoto kafin in tashi daga wuri domin in tuna siffar wata bishiya ko layin wani rufi. Amma ka lura da tsarin aikin Monet a misalan da ka kawo da kanka. Ya fara da zama a gaban abin na makonni, yana kallonsa safe da yamma, sannan ya koma ɗaki da abin da idonsa ya tara. Ɗakin ya zo ne bayan kallo. Abin da nake tsoro ga ɗalibanmu shi ne su fara daga hoto su ƙare a hoto, har ma su riƙa sauko da hoton da wani ya ɗauka daga intanet su kwafa, alhali ba su taɓa taka wurin ba. Tun da kai ne masanin kyamara a cikinmu, ina roƙonka ka bayyana mana gaskiyar abin da waya ke yi wa launi da inuwa.

Mai Ɗaukar Hoto, Kaduna:

A nan kam ba zan ɓoye komai ba Malam. Kyamarar waya tana da faɗin gani, saboda haka tana ƙanƙantar da abin da ke nesa. Dutsen da ya cika maka ido kana tsaye, a hoto sai ya zama ɗan tudu a ƙarshen fili. Ban da wannan, wayar ce ke yanke hukunci a kan haske ba tare da ta tambaye ka ba. Idan ta daidaita kanta da sama, inuwa ta zama baƙi ƙirin, duk launin da ke cikinta ya ɓace. Idan kuma irin sababbin nan ce masu haɗa hotuna da yawa su fitar da ɗaya, sai ta haskaka inuwar ta dusashe hasken, komai ya zo daidai wa daida kamar babu rana. Tana kuma ƙara wa shuɗin sama da koren ganye ƙarfi domin hoton ya burge. Mu masu wannan aiki mun san haka, muna gyarawa. Wanda bai sani ba zai kwafi kuskuren na'ura yana zaton yanayin wurin ne. Duk da haka ina nan a kan bakana cewa hoto mai kyau a hannun wanda ya san iyakarsa kayan aiki ne halastacce.

Ɗalibar Zane, Kano:

Assalamu alaikum malamaina. Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, amma ina neman izini in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Fita fili ba abu ne mai sauƙi ga kowa ba, musamman gare mu mata. Na taɓa zama a gefen wata kasuwa da littafina domin in zana rumfuna, ban yi minti biyar ba yara suka kewaye ni har suka tare abin da nake kallo, sannan wani dattijo ya zo ya tambaye ni wanda ya aiko ni da kuma inda zan kai takardar. Ban ga laifinsa ba, domin a halin tsaron da ake ciki duk baƙon da ya zauna yana kallon wuri yana rubutu dole a tuhume shi. Na tattara kayana na tafi. Bayan gari kuwa, iyayena ba za su bar ni in je ni kaɗai ba, kuma suna da gaskiya.

Akwai kuma matsalar kayan aiki. Fentin ruwa nake amfani da shi saboda shi ne daidai ƙarfina, amma a hunturu kafin in kai buroshi ƙarshen takarda farkon ya riga ya bushe, sai sama ta fito da layi-layi kamar an yi mata zane da gangan. Idan fita fili sharaɗi ne kamar yadda Malam ya nuna, to irina yaya za ta yi?

Tsohon Malami, Jos:

'Yata, tambayarki ita ce ta fi kowace muhimmanci a wannan zaure, kuma amsarta tana cikin abin da aka ambata a farko amma aka wuce shi, wato ɗan littafin zanen gaggawa. Na yi shekaru fiye da talatin ina koyar da zane kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani ya fi gyara hannun ɗalibi shi ne zanen minti uku zuwa biyar, a tsaye, da fensir ɗaya, ba tare da abin gogewa ba. Mai irin wannan zane ba ya tara jama'a, domin kafin a ankara ya gama ya rufe littafinsa. Gaggawar kuma ita ce makarantar. Wanda ke da minti uku kacal ba zai ƙirga tubalan katanga ba, dole ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci: inda haske ya faɗo, inda duhu ya taru, da layin da ya raba ƙasa da sama. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to wannan kimar da yawan gwaji ake samunta.

Wannan hanya tsohuwa ce. Eugène Delacroix ya je Maroko a 1832 tare da tawagar jakadan Faransa, ya yi wajen wata shida a tafiyar. A wurare da yawa mutane ba su son a zana su, saboda haka a gurguje yake zayyana abin da ya gani a ƙananan littattafai, wani lokaci a kan doki, ya rubuta sunan launi a gefen kowane abu, da dare kuma ya shafa fentin ruwa tun abin bai gushe masa ba. Waɗannan littattafai ya ci gaba da ɗiba daga cikinsu har ƙarshen rayuwarsa a 1863. John Constable na Ingila kuwa, a 1821 da 1822, ya riƙa hawa tudun Hampstead yana zana gajimare kawai a kan takarda, sannan ya rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗawa a bayanta. Ba ya bukatar kasuwa ko dutse, sama ta ishe shi, ita kuwa sama tana kan kowane tsakar gida.

Ke da kike Kano, akwai misali a garinku. Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, ya hau Dala ya zayyana birnin daga sama. Da ya koma Turai, wani ƙwararren mai zane, Martin Bernatz, wanda bai yi tafiyar tare da shi ba, shi ya mayar da zayyanar cikakken hoto aka buga. Barth ba gwanin zane ba ne, amma da bai buɗe littafinsa a kan dutsen nan ba, da mun rasa ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Kano da ake da su. Shawarata gare ki ita ce ki fara daga saman soro ko tagar gidanku, zane uku kowace rana, ki rubuta lokaci a ƙasan kowanne. Idan kuma za ki koma kasuwa, ki fara gaida mai rumfa ki nemi izininsa, ki nuna masa shafukan baya, ki zauna a inuwarsa. Wanda aka nemi izininsa shi ne zai kore miki yara ya kuma amsa wa masu tambaya.

Mai Rubutun Alluna, Maraɗi:

Gaisuwa ga Baba da sauran malamai. Ni ban yi makarantar zane ba, allunan shaguna da jikin motoci nake rubutawa, amma maganar Baba ta yi daidai da abin da na gani a aikina. Idan mai shago ya ce in zana masa rago ko raƙumi a allo, na lura cewa wanda na kwafa daga hoto yakan fito a sandare, wanda kuwa na je kara ranar kasuwa na zazzana a tsaye yakan fito da rai, domin na ga yadda dabbar ke sauke nauyinta a ƙafa ɗaya idan ta gaji da tsayuwa. Kayan aikina a can ba su wuce littafin 'yan makaranta da muke kira kaye a nan da biro ba. Wani lokaci takardar buhun siminti nake yankawa in yi aiki da gawayi, ita kuwa launinta na ƙasa yana taimakawa, domin da ɗan alli sai ka fitar da haske. Akwai kuma tawadar allo da muka sani tun muna yara, wadda ake haɗawa da ƙaro. Idan ka tsarma ta da ruwa mataki uku, mai duhu da matsakaiciya da mai haske, ta isa ka zana gini da inuwarsa. Don haka kada tsadar kaya ta hana ƙanwarmu farawa.

Mai Bibiya, Katsina:

Ina da tambaya ga Baba. Da yawa daga cikinmu muna da damuwa a kan zana abu mai rai saboda abin da muka ji daga malamai. Shin wanda ya zaɓi ya kauce wa wannan zai iya cin moriyar irin atisayen da ake magana a kai?

Tsohon Malami, Jos:

Ɗana, hukuncin wannan na malaman addini ne, kuma kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa a matsayina na malamin zane shi ne, zanen fili ya fi kowane fanni yalwa ga mai wannan damuwa. Duwatsun Riyom da ke kusa da mu, ganuwa da ƙofofinta, kuka da giginya, rumbuna bayan girbi, hadarin farkon damina, duk babu mai rai a cikinsu, kuma mutum zai ƙare rayuwarsa bai gama koyon haskensu ba. Tarin alkamar Monet da aka fara maganar da shi, da gajimaren Constable, babu mutum ko dabba a yawancinsu.

Malamin Zane, Zariya:

Allah ya saka wa Baba da alheri. Bari in koma kan matsalar bushewar fenti da ƙanwarmu ta kawo, domin ni ma na sha fama da ita. Fentin ruwa da ƙaro ake ɗaure garin launinsa, irin ƙaron da ake samu a jikin dakwara a ƙasashenmu da Chadi da Sudan, kuma masu haɗa shi sukan ƙara zuma ko gilisarin domin ya riƙe laima. A hunturu iskarmu ba ta da laima ko kaɗan, saboda haka nakan ɗiga zuma kaɗan a ruwan da nake wanke buroshi, in jiƙa takardar gaba da baya kafin in fara, in dama launin sama da yawa tun kafin in taɓa takarda, sannan in yi aiki a ƙaramar takarda da babban buroshi. Sassafe ya fi, kafin iska ta tashi.

Akwai kuma abin da ya kamata mu gyara idan muna karanta shawarwarin Turawa. Wani malamin zane na Faransa, Pierre-Henri de Valenciennes, ya rubuta tun wajen 1800 cewa kada zanen fili ya wuce sa'a biyu, na fitowar rana ko faɗuwarta kuma kada ya wuce rabin sa'a, saboda inuwa tana tafiya. Sa'a biyun ta yi daidai ko'ina. Amma mu da muke kusa da tsakiyar duniya rana a miƙe take faɗuwa, tsakanin ɓacewarta da shigar duhu minti ashirin da 'yan kai ne, ba kamar bazarar Turai da haske ke jan ƙafa ba. Wanda zai zana almuru a nan sai ya haɗa launukansa tun la'asar. Hazon hunturu ma darasi ne na daban, domin yana cinye inuwa, ya mayar da rana farin faifai, abin da ke nesa kuma ya dusashe mataki-mataki. Wannan na ɗaya daga cikin abubuwan da waya ke ɓatawa, domin takan ɗauke shi a matsayin aibi ta yi ƙoƙarin share shi.

Mai Ɗaukar Hoto, Kaduna:

Maganar hazo gaskiya ce, na sha ganin haka a aikina. Ina so in ƙara wa ƙanwarmu cewa matsalar fita ita kaɗai tana da magani a wasu ƙasashe. Wani ɗan jarida mai zane ɗan asalin Sifaniya da ke zaune a Seattle ta Amurka, Gabriel Campanario, ya fara haɗa masu zanen titi a intanet a 2007 da sunan Urban Sketchers, kuma yanzu suna da rassa a birane da yawa na duniya. Tsarinsu shi ne su sa rana su haɗu a wuri ɗaya, kowa ya zana abin da ya gani, a ƙarshe su baje littattafansu a ƙasa su duba tare. Mutum goma da suka zo tare bayan sun sanar da mai unguwa ba za a tuhume su kamar mutum ɗaya ba, iyaye ma hankalinsu zai fi kwanciya. Idan 'yan Kano na wannan zaure za su gwada, zan zo da kyamarata, mu ajiye hoto kusa da zane mu ga abin da kowanne ya kama da abin da ya saki.

Ɗalibar Zane, Kano:

Na gode ƙwarai malamaina. Na jinkirta amsa ne domin in fara gwada shawarar Baba. Kwana huɗu ke nan ina hawa saman soron gidanmu sau uku a rana, da hantsi da azahar da la'asar sakaliya, ina zana katangar maƙwabtanmu ta jar ƙasa da bishiyar darbejiyar da ke bayanta, minti biyar kowane zane. Yanzu ina da guda goma sha biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inuwar katangar. A da baƙi nake sa mata ba tare da tunani ba, amma da na zauna na dube ta sosai sai na ga ƙasanta ja-ja ne saboda hasken da ke tasowa daga ƙasar tsakar gida, samanta kuma yana da ɗan shuɗi. Na ɗauki hoto a daidai lokacin domin in gwada, a hoton duk inuwar launi ɗaya ce. Dabarar zuma ta rage layin da ke fitowa a sama, ko da yake ranar farko na zuba da yawa takardar ta yi danƙo har yamma.

Game da haɗuwar da aka kawo shawara, na yi magana da mahaifina kuma ya amince idan yayana zai raka ni. Ina ganin gindin Dala zai dace, tun da Baba ya ba mu labarin Barth. Malam na Zariya, idan za ka samu zuwa, wace Asabar ce ta fi maka sauƙi, kuma wane girman takarda kake ganin ya kamata mu zo da shi?